Mashaƙo, Cutar da Take Shigowa Gida da Sunan Wata

Idan akwai uwa ko kaka a kusa da akwatin rediyon nan, don Allah a ɗan ƙara mata murya. Maigida kuma kada ka tashi, domin akwai rabonka a cikin maganar, kuma ba kaɗan ba.

Bari in fara da abin da yake faruwa a cikin gida, yadda muka san shi.

Yaro ɗan shekara shida ya dawo daga Islamiyya da yamma, jikinsa da ɗumi-ɗumi, ba irin zafin nan na zazzaɓin cizon sauro da yake sa yaro kakkarwa ba. An zuba masa tuwo ya ture. Ya ce wuyansa ne yake ciwo idan ya haɗiyi yawu. Uwa ta taɓa goshinsa ta ce mura ce, ai jiya ya kwana ba riga. Aka aiki yayansa kemis ya karɓo farasitamol da maganin tari. Kwana biyu, murya ta dishe. Kaka ta leƙo ta ce, "Ke ma dai, wannan ai beli ne ya sauka, a aika a kira wanzam." Kwana uku, wuya ya kumbura tun daga ƙasan kunne har zuwa haɓa. Maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta dube shi ta ce, "Hangum ne, yana gari, nawa ma duk sun yi, a shafa masa toka zai saɓe." Daren kwana na huɗu sai aka ji numfashin yaro yana ƙara, kamar ana jan zarto a kan katako. A lokacin ne maigida ya fita neman a-daidaita-sahu.

A asibiti, likita ya ce yaro ya buɗe baki, ya haska da tocila, bai yi daƙiƙa goma yana dubawa ba ya ɗago ya yi tambaya biyu: "Yau kwanansa nawa? Ina katinsa na riga-kafi?"

To kun ji. A cikin kwana huɗu an raɗa wa ciwon nan suna uku, mura da beli da hangum, kuma duk waɗanda suka raɗa masu ƙaunar yaron ne. Babu wanda ya yi sakaci da gangan. Kowa ya ga wani abu da ya yi kama da abin da ya sani, ya kira shi da sunan da ya saba. Abin da ba a yi ba guda ɗaya ne: ba wanda ya haska cikin maƙogwaron.

Ko sunan da muke kiran cutar a yau, mashaƙo, yana da nasa rikicin. Tsohuwar kalma ce a bakin Bahaushe, kuma iyayenmu sun daɗe suna kiran tarin da ya zo da dishewar murya da shaƙewar ƙirji da wannan suna, ciwon da akan sha ɗan jiƙo a kwana biyu a miƙe. Saboda haka idan aka ce a rediyo mashaƙo ya ɓarke, tsohuwa tana iya cewa, "Yo mashaƙo kuma wani abin tayar da hankali ne?" Wanda muke magana a kai daban ne. Likitoci suna kiransa diftiriya. Wani likitan Faransa mai suna Pierre Bretonneau ne ya sa masa sunan a 1826, ya aro shi daga kalmar Girkanci mai nufin fata, irin wadda majemi yake jemewa. Kuma ya iya sa suna, domin babbar alamar cutar ke nan: wata yana mai kauri, launin toka-toka, da take shimfiɗuwa a kan 'yan wuya da bayan maƙogwaro, kamar yanar da take kwanciya a kan kunu idan ya huce. Bambancin shi ne, ta kunu da cokali ake yaye ta. Wannan kuwa ta manne da nama, idan aka kankare ta jini ne zai biyo baya. Tana iya gangarawa ƙasa ta toshe hanyar iska, yaro ya shaƙe ana kallonsa.

Amma yanar nan rabin labarin ce. Ƙwayar cutar, wadda take shiga jiki ta tari da atishawa da yawu, idan ta sami wurin zama a maƙogwaro sai ta shiga fitar da dafi. Dafi nake cewa, kamar na maciji. Jini ya kwashe shi ya kai zuciya, ya kai jijiyoyi, ya kai ƙoda. Duk ƙwayar naman jikin da ya shiga, sai ya tsayar da aikinta ta mutu. Kumburin wuyan nan da aka ɗauka hangum ne, kaluluwa ce da naman da ke kewaye da ita suka tashi, kuma a wurin likita alama ce ta cewa ciwon ya yi nisa.

Mutanen Kaltungo da Bambur da sauran ƙasar kububuwa za su fi kowa saurin gane abin da zan faɗa yanzu. Idan gobe-da-nisa ta sari manomi, aka bi ta aka kashe, an huce haushi, amma dafin yana nan a jikinsa. Sai an kai shi inda ake da makari. Haka mashaƙo yake. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su fenisilin da eritiromaisin da azitiromaisin, su ne sandar kashe macijin. Suna hana ƙwayar ci gaba da zubo dafi, suna kuma hana yaron shafa wa wasu, galibi bayan kwana biyu da fara sha. Amma dafin da ya riga ya fita, ba ruwansu da shi. Wannan sai makarinsa, allurar da ake ɗura wa yaro ta jijiya a asibiti. Ita ma kuma tana da iyaka, kuma a nan ne duk maganata ta yau ta rataya: dafin da yake yawo a cikin jini kaɗai take iya kamawa. Wanda ya riga ya shige cikin naman zuciya ya shige ke nan, babu abin da zai fito da shi. Yaron da aka kai ranar farko ko ta biyu, makari zai tarar da yawancin dafin a hanya. Wanda aka kai rana ta biyar, sai dai a tare abin da ya saura a roƙi Allah a kan wanda ya wuce.

Shi ya sa likitan kirki ba ya jiran sakamakon gwaji kafin ya fara magani. Zai sa ɗan tsinke mai auduga ya shafo maƙogwaron, a tura ɗakin gwaji, wani lokaci har babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke Gaduwa a Abuja, inda za a shuka ƙwayar a ga ko ta tsiro, a kuma gwada ko mai dafi ce. Wannan aikin kwanaki ne. Idonsa da tocilarsa sun ishe shi ya yanke hukuncin farko. Ƙididdigar da masana suka daɗe suna bayarwa ita ce, ko da magani, kusan mutum 1 cikin 10 yana rasuwa, a ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar abin yana iya kaiwa 1 cikin 5, idan kuwa babu magani sam, yana iya cin rabin waɗanda ya kama.

Makarin nan kuma, ko kun san daga jinin doki ake samo shi? Ƙwarai kuwa. Ana yi wa doki allurar dafin da aka raunana, jikinsa ya ƙera abin yaƙarsa, a ɗebi jinin a tace. Dabarar ta haura shekara 130. Wani Bajamushe, Emil von Behring, da abokin aikinsa ɗan Japan, Kitasato, su ne suka buɗe wannan ƙofa a Balin a 1890, kuma da aka fara bayar da kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1901, Behring ne ya fara karɓa, saboda wannan aiki. Har gobe dokin ne. Kamfanonin da suke yin makarin a duniya 'yan kaɗan ne, wasunsu a Indiya, domin ƙasashe masu kuɗi sun daina ganin cutar, kasuwar ta mutu. Da annoba ta tashi a ƙasashe da dama lokaci guda a 2023, sai da aka yi ta fafutukar neman abin da za a raba. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka muka yi.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon talakan Afirka ne tun asali. A 1878 ya shiga gidan sarauta a Jamus, ya kashe Gimbiya Alice, 'yar Sarauniya Biktoriya ta Ingila, bayan ya kashe ƙaramar 'yarta. A Amurka, a shekarar 1921 kaɗai, ya kama mutum fiye da 200,000, ya kashe fiye da 15,000, akasarinsu yara. A 1925 ya ɓulla a wani ƙaramin gari mai suna Nome a Alaska cikin tsakiyar hunturu, ba jirgin ruwa ba hanya, sai da aka ɗora makarin a kan keken ƙanƙara da karnuka suke ja, ana miƙawa hannu da hannu, tafiyar fiye da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi. Abin da ya raba waɗannan ƙasashe da wannan masifa allura ce, wadda wani likitan dabbobi Bafaranshe, Gaston Ramon, ya gano hanyar haɗa ta a 1923. Ya ɗauki dafin, ya kashe kaifinsa, ya bar siffarsa, yadda jikin yaro zai gan shi ya haddace kamanninsa, ranar da na gaske ya zo ya tarar ana jiransa.

Kuma duk inda aka saki allurar, cutar takan dawo. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyat, a cikin shekarun 1990, ta kama mutum fiye da 150,000 a Rasha da maƙwabtanta, dubbai suka mutu, da yawansu manya. Ta tashi a Yaman cikin yaƙi a 2017, ta tashi a sansanonin 'yan Rohingya a Bangaladash a ƙarshen wannan shekara. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Namu bangon ya daɗe da tsagewa. A 2011 cutar ta ɓulla a ƙauyen Kimba da ke ƙaramar hukumar Biu a jihar Borno, ta kama mutum 98, ta kashe 21. An rubuta rahoto, an wuce. A watan Disamban 2022 aka sanar da hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya cewa ana ganin ta a Kano da Legas. Kafin 2023 ta ƙare, ta zama annobar mashaƙo mafi girma da aka taɓa rubutawa a ƙasar nan. Kano ce cibiya, sannan Yobe da Katsina da Bauchi da Borno da Kaduna da Jigawa. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta shigo ta kama wa ma'aikatan jiha, aka ware gadaje a Asibitin Murtala da Asibitin Zana. A ƙetaren iyaka, 'yan'uwanmu na jihar Damagaram, musamman yankin Matamaye, su ma sun ɗanɗana a wannan shekara. Zuwa farkon 2025, alƙaluman hukuma sun nuna an tabbatar da cutar a jikin mutum fiye da 20,000 a Najeriya, fiye da 1,000 sun rasu, mafi yawan waɗanda ta kama yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Waɗanda aka iya ƙirgawa ke nan, waɗanda suka isa asibiti. Ta shiga har makarantar kwana ta King's College a Legas, a watan Maris na 2025 ɗalibi ya rasu. A cikin waɗanda aka tabbatar sun kamu a faɗin ƙasar, waɗanda suka kammala allurarsu ba su kai kashi 1 cikin 4 ba.

Na sha jin jami'ai suna cewa korona ce ta jawo, wai kullen 2020 ya hana iyaye kai yara riga-kafi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika mudu ba. Yaron da yake da shekara goma a 2023, a 2013 aka haife shi. Wace korona ce ta hana a yi masa allura a 2013? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna rabin yaran Najeriya ne kawai suke samun allurar nan sau uku, a arewa maso yamma kuwa abin bai kai haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ƙiyasta cewa yaran Najeriya fiye da miliyan 2 ba su taɓa samun ko ta farko ba, adadin da ya sa muke sahun gaba a duniya. Shekara da shekaru muna tara busasshiyar ciyawa a bayan ɗaki. Korona iska ce kawai ta kaɗa.

To me ya sa? A nan ne nake rabuwa da masu zuwa daga Abuja su ce jahilci ne, a wayar da kan jama'a, su koma. Mutanenmu suna da dalili, ko da dalilin ya kai su ga kuskure.

Wanda ya kai shekara arba'in a Kano ya tuna 1996, shekarar sanƙarau, lokacin da mutane suka yi ta mutuwa dubbai. A cikin wannan annoba kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara 200, kusan rabi aka ba su sabon, sauran aka ba su wani da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a a nan gida da Amurka, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ba allurar riga-kafi ba ce, maganin wanda ya riga ya kamu ne. Amma wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Da aka zo 2003 aka ce an gurɓata ɗigon shan-inna da maganin hana haihuwa, kunnuwa a buɗe suke. Kano ta dakatar da riga-kafin kusan shekara guda, sai a watan Yulin 2004 aka dawo, bayan an kawo maganin daga Indunusiya. A wannan tsakani shan-inna ta tsallaka ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna suka shigo da ƙarfinsu, Mai Alfarma Sarkin Musulmi da marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero da sauransu, sai da malamai suka hau mumbari, kafin a kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Yaran da aka ɗiga wa maganin a 2004 kuwa, yau ga su nan da nasu 'ya'yan a goye. Wannan amsa ta fi duk wata takardar ɗakin gwaji.

Sai dai yaƙin shan-inna ya bar mana wani gurbi da ba a cika faɗa ba. Shekara ashirin ana bin gida-gida ana ɗiga wa yara magani a baki, ana shafa musu tawada a ɗan yatsa, ana rubutu da alli a jikin ƙofa. Uwa da yawa ta ɗauka shi ke nan riga-kafi. Ka tambaye ta, "An yi wa yaron nan?" ta ce, "Wallahi ba a taɓa zuwa na hana ba." Kuma gaskiya ta faɗa. Amma ɗigon baki na shan-inna ne. Ta mashaƙo allura ce a cinya, a asibiti ake yin ta, kuma sai an je.

Zuwan ne aiki. Na taɓa raka wata ƙanwata wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi, ba sai na faɗi inda yake ba. Mun isa tun hantsi. Aka ce mai makullin firji bai zo ba. Da ya zo aka ce yau ba ranar allura ba ce, an mayar da ita Talata. Da ta ce jaririn ya wuce ranarsa da mako uku saboda ta yi tafiyar gaisuwar mutuwa, sai wata ma'aikaciya ta ɗaga katin sama a gaban mata fiye da ashirin tana cewa, "Ku dubi irin su, sai haihuwa ba kula." A hanyar komawa ƙanwar tawa ta ce mini, "Yaya, ni fa na gama zuwa wurin nan." Da ƙyar na lallashe ta. Mata nawa ne ba su da mai lallashi? Matar da ta nemi izinin miji, ta ranci kuɗin mota, ta bar girki, aka ce mata ta dawo jibi, ba jahilci ne zai hana ta dawowa ba. Na san akwai ma'aikatan da suke tafiya a babur cikin laka da akwatin ƙanƙara a baya, wata da watanni ba alawus, kuma ina jinjina musu. Amma kalma ɗaya ta wulaƙanci tana rushe aikin mutum goma irinsu.

Yanzu kuma maigida, ga naka. Allurar da ake kira fenta, wadda aka fara amfani da ita a Najeriya a 2012, cuta biyar take tarewa a tsira ɗaya: mashaƙo, da tarin shiƙa, da sarƙewar haƙora, da ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwaya mai jawo sanƙarau da ciwon huhu ga jarirai. Ana yin ta jariri yana mako 6, a sake a mako 10, a cike a mako 14, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. Tana sa zazzaɓi, ba na ɓoye maka. Cinya takan ɗan kumbura, jariri ya kwana yana kuka. Gidaje da yawa a nan ake yin ta ta ƙare: maigida bai yi barci ba, da asuba ya ce, "Na kai yaro lafiya lau an dawo mini da shi ba lafiya, kada a sake." Zafin nan na kwana ɗaya ne ko biyu, farasitamol na yara da tsumma mai sanyi da nono sun ishe shi. Ta farko gabatarwa ce kawai, ba ta isa kariya ba sai an cike ukun. Idan an tsallake rana, ko da wata biyar ne, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ƙarfinta kuma yana raguwa da shekaru, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ƙara sau uku: a shekara ta biyu, da tsakanin shekara 4 zuwa 7, da tsakanin 9 zuwa 15. Idan an zo makarantar boko ko Islamiyya ko tsangaya ana yi wa manyan yara allura lokacin annoba, wannan giɓin ake ƙoƙarin cikewa. Alaramma da yake da almajirai sittin suna kwana a zaure ɗaya, suna shan ruwa a kofi ɗaya, ya fi kowa buƙatar ya buɗe musu ƙofa.

Bari in koma kan wanzamai, kuma da girmamawa nake magana, domin aska ta girme ni. A unguwanni da ƙauyuka da yawa, wanzam ne mutum na farko da yake leƙa maƙogwaron yaro, kafin nas, kafin likita. Cire beli ko a lafiyayyen yaro likitoci ba su yarda da shi ba, saboda zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. A maƙogwaron da mashaƙo ya kama kuwa, sa ƙarfe ganganci ne tsantsa: wurin zai yi jini, yanar tana iya ɓallewa ta faɗa hanyar iska, yaron ya yi tari a fuskar wanzamin, shi kuma ya kwashi ƙwayar ya kai gida na gaba, ya kai wa nasa 'ya'yan. Da ni ne mai faɗa a ji a ma'aikatar lafiya, da Sarkin Aska na kowace masarauta zan fara zama. A nuna wa wanzamai hoton yanar nan har su haddace ta. Wanzamin da ya buɗe baki ya gan ta, ya mayar da kayansa zabira ya ce, "Hajiya, wannan ba nawa ba ne, ku tafi asibiti yanzu," ya ceci ran da wataƙila likita ba zai samu damar ceta ba. Haka mai kemis. Kafso huɗu ja-da-baƙi da ka ƙulla a leda za su iya lafar da zazzaɓin, iyaye su sami kwanciyar hankalin ƙarya, dafi kuwa yana can yana aikinsa.

Akwai kuma abin da yake biyo bayan sallama daga asibiti, wanda ya fi komai karya zuciyar iyaye. Maƙogwaro ya washe, yaro ya fara cin abinci, 'yan barka sun fara zuwa. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ya fara kasala, yana haki, ko ya yanke jiki ya faɗi. Zuciya ce, dafin da ya shige tun kwanakin farko ne ya fito da aikinsa. Wani kuma bayan makonni sai murya ta koma ta hanci, ya sha ruwa ya fito masa ta hanci, ko ido ya hargitse, ko ƙafafu su saki. Nan da nan za a ce iska ce, ko sammu, ko maganin asibiti ne ya yi masa yawa. Jijiyoyi ne dafin ya taɓa, kuma yawanci suna farfaɗowa a hankali idan ana kula da yaron, ana lura da numfashinsa da yadda yake haɗiya. Saboda haka idan likita ya ce a bar yaro ya kwanta, ban da guje-guje, a dawo ranar kaza a duba zuciya, to a dawo. Maganin da aka ce a sha kwana 14, a sha shi 14. Waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi da masu jinyarsa, su ma akwai maganin da ake ba su da allura, ko da garau suke ji, domin mutum yana iya ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro yana rabawa bai sani ba. Shi kansa wanda ya warke sai an yi masa allurar, don kamuwa da mashaƙo ba ta ba da tabbacin ba za a sake ba. A wannan ya bambanta da ƙyanda.

Saura yadda ake dubawa, tunda da haka na fara. Wayar da take hannunki, ko 'yar rakani-kashi ce, tana da fitila. Duk yaron da ya ce wuyansa yana ciwo, ga ɗumin jiki, ki zaunar da shi, ki rufe hancinki da bakinki da gefen mayafi, ki ce ya buɗe baki ya ce "aaa", ki haska. Kada ki sa cokali, kada ki sa yatsa, kada ki yi ƙoƙarin goge komai. Idan kin ga fari-fari ko toka-toka ya manne a 'yan wuya ko bayan maƙogwaro, ko wuya ya kumbura, ko majina mai haɗe da jini tana fita ta hanci, ko murya ta dishe numfashi yana ƙara, ko yawu yana dalala ya kasa haɗiyewa, to tafiya ta kama a ranar, ko da dare ne. Ba duk farin da aka gani a maƙogwaro ne mashaƙo ba, akwai ciwon 'yan wuya na yau da kullum da yake yin haka, amma rarrabewar aikin likita ce. A ware masa kofinsa da cokalinsa, a janye sauran yara daga ɗakin, a ɗauki katin riga-kafi idan akwai. Idan babu, a gaya wa likita babu, ba wurin jin kunya ba ne. Kuma a faɗa masa ainihin ranar da ciwon ya fara da duk abin da aka ba yaron, har da na kemis da na gargajiya, domin da yawan kwanakin da girman yanar yake auna adadin makarin da zai ɗura.

Lokacinmu ya cika. Mu kwana lafiya.